Neman kalma: me zamu kira "conflict of interest" da Hausa?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wata kalma ce nake so mu haɗu mu tsayar, malamanmu na harshe da 'yan jarida da masu gyara a Wikipedia ta Hausa dan Allah kowa ya sa baki, saboda in bamu tsayar da ita da kanmu ba manhajar fassara ce zata tsayar mana, kuma in abu ya riga ya bi bakin mutane cire shi sai an sha wuya. Abin da Turawa ke kira conflict of interest nake nufi, wanda 'yan'uwanmu na Nijar suka sani da conflit d'intérêts.

Fassarar da ake yawan cin karo da ita yanzu itace "rikicin sha'awa". Wannan kam bata da wurin zama ko kaɗan. Sha'awa a kunnen Bahaushe kowa yasan inda take fara kai hankali, rikici kuma sai an ga mutum biyu sun ɗaga murya, alhali abin da ake magana akai shiru yake faruwa, mutum ɗaya ne a gaban kwamfutarsa yana gyara shafin Wikipedia na wanda yake biyansa albashi, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Bara in ɗan koma baya, don sai an ga yadda abin ya faru a Wikipedia sannan za'a gane irin kalmar da muke nema.

An buɗe Wikipedia ranar 15 ga Janairun 2001, Jimmy Wales da Larry Sanger ne suka fara ta, kuma a lokacin ba wata gidauniya, kamfanin kasuwanci ne mai suna Bomis yake biyan kuɗin na'urori da albashin Sanger, adireshin ma da .com yake ƙarewa. Shekara ɗaya kacal, a Fabrairun 2002, Sanger ya ambata cewa mai yiwuwa a fara saka talla a shafukan. Ba'a saka ba fa, zance kawai akayi. Amma masu rubuta ta Sifaniyanci, Edgar Enyedy na gaba, suka ce su basu hana idonsu barci suna rubutu kyauta don wani ya sayar da gefen shafin ba, suka kwafe maƙalolinsu tunda lasisin ya yarda da haka, suka koma na'urorin jami'ar Sebiya, wato Ishbiliyar nan da muke ji a tarihin Andalus, suka buɗe tasu mai suna Enciclopedia Libre. Wikipedia ta Sifaniyanci ta daɗe tana jan ƙafa bayan wannan ficewar. Kafin shekarar ta ƙare an koma .org, Wales ya ce babu talla, a 2003 aka kafa Gidauniyar Wikimedia kuma har yau da gudummawar mutane ake tafiyar da ita.

Toh talla a gefen shafi an hana, sai ya koma shiga cikin rubutun kansa. A 2006 wani kamfani MyWikiBiz ya fito fili yana cewa kawo dala 49 zuwa 99 in rubuta maka maƙala, Wales ya toshe asusun kamfanin a Wikipedia. A 2007 wani ɗalibi Virgil Griffith ya ƙirƙiro manhajar WikiScanner mai nuna daga kwamfutocin wace ma'aikata akayi gyara, sai ga shi daga kamfanin Diebold mai ƙera na'urorin zaɓe a Amurka a wancan lokacin an goge sakin layukan da ke sukar na'urorinsu. A 2013 aka bankaɗo kamfanin Wiki-PR da ɗaruruwan asusun boge. Bayan wannan ne, a Yunin 2014, Gidauniyar ta sauya sharuɗɗan amfani: duk wanda ake biya don yayi gyara dole ya faɗi wanda ya ɗauke shi aiki da wanda ake yiwa aikin da duk wata alaƙa, ko a shafinsa na edita, ko a shafin tattaunawar maƙalar, ko a ɗan bayanin nan da ake rubutawa ƙarƙashin kowane gyara.

Ku lura da wannan dokar da kyau domin a kanta hujjata ta tsaya. Ba'a ce kar a biya ka ba. Cewa akayi ka faɗa. Ma'ana kalmar da muke nema kalma ce da mutum zai ɗauka ya liƙa wa KANSA da bakinsa a gaban jama'a. In kalmar zagi ce ba wanda zai liƙa wa kansa, kowa zai yi shiru, dokar ta mutu.

Shi yasa ban yarda da "son zuciya" ba, kuma nasan ita mutane da yawa zasu fara kawowa. Son zuciya hali ne, zargi ne, an riga an yanke maka hukunci. Wa zai rubuta a shafinsa "ina sanar da jama'a ina da son zuciya a kan wannan maƙala"? Ba wanda zai yi. "Son kai" ma haka. Abin da muke nema kuwa matsayi ne da mutumin kirki ma kan tsinci kansa a ciki tun kafin ya taɓa ko harafi ɗaya.

Misalin da yafi fito min da wannan shine na Jibralta a 2012. An yi wani shiri na rubuta maƙaloli kan wuraren tarihin Jibralta, a manna alluna masu lambar QR a jikin gine-gine, ɗan yawon buɗe ido ya haska da waya ya karanta da harshensa. Shiri mai kyau wallahi. Matsalar itace ɗaya daga cikin masu jan ragamar shirin ɗan kwamitin amintattu ne na ƙungiyar Wikimedia ta Birtaniya, kuma a lokaci guda gwamnatin Jibralta tana biyansa a matsayin mai bada shawara, sannan ga maƙalolin Jibralta suna ta fitowa a babban shafin Wikipedia ta Turanci a sashen da ake haska sabbin maƙaloli mai suna "ko kun san cewa". Ba ƙarya a cikin maƙalolin ce ta tada ƙurar ba. Tambayar da mutane sukayi itace in amanar da aka ba shi ta ce dama, wanda yake biyansa ya ce hagu, ina zai bi? Daga ƙarshe sauka yayi daga kujerar. Toh wannan tsayuwar a tsakanin dama da hagu ita muke nema wa suna.

Kuma abin ba baƙo bane a wajenmu. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta Risala ya wuce ta babin shaida, inda aka ce ba'a karɓar shaidar uba ga ɗansa ko ɗa ga iyayensa, ko miji ga matarsa, ko wanda shaidar zata jawo masa amfani ko ta tunkuɗe masa cuta. Ba'a ce uban maƙaryaci bane, yana iya zama mafi gaskiyar mutanen garin, matsayinsa ne kawai ya hana. Haka a kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999, jadawali na biyar, ƙa'idar farko ta ɗa'ar ma'aikata cewa tayi kada jami'in gwamnati ya sa kansa a inda amfanin kansa zai ci karo da aikin da aka ɗora masa. Ma'anar muna da ita tun tuni, gajeren suna ne bamu yi mata ba.

Shawarata: karon moriya. In ana son cikakken bayani a ce karon amana da moriya, domin a gaskiya abu biyun da suke karo kenan, amanar da masu karatu suka baka cewa zaka rubuta tsakani da Allah, da moriyar da kake samu a wani gefen. Shi kuma mai sanarwa ba sai ya wahala ba, cewa kawai zai yi "ina da moriya a wannan maƙalar". Na gwada ta a baki, tana fita lafiya, ba kunya a ciki ba zagi.

Na ga amsoshi sun fara shigowa, nagode ƙwarai, bara in bi su.

Malam da ya kawo "saɓanin maslaha", Allah ya ƙara ilimi, nasan daga Larabcin aka ɗauko kuma a Larabci daidai take. Damuwata itace maslaha da ta shigo Hausa ta karkata, mu in muka ce a nemi maslaha sulhu muke nufi, a sasanta a samu mafita. Wanda bai yi Larabci ba in ya ji saɓanin maslaha zai ɗauka an kasa sasantawa ne. Amma Malam in kana ganin akwai inda na kauce a gyara min.

'Yar'uwa da ta ce "cin karon muradu", wannan ta kusa sosai kuma gidajen rediyo sun riga sun saba mana da muradun ƙasa kaza, kare muradun wane. Ita ce ta biyu a wajena. Abin da yasa na fifita moriya shine muradi yana zuwa da ma'anar buri, abin da rai ke so, sai mu sake zagayowa kusa da sha'awar da muka gudo mata. Moriya kuwa abu ne da ake iya nunawa da yatsa, albashi ne, kwangila ce, kujera ce, suna ne.

Wani ɗan'uwa daga Damagaram yace me zai hana mu tsaya kan "ruwa da tsaki" tunda kowa ya santa. Gaskiya ne kuma a magana ta baka ni ma ita zan yi amfani da ita, "kai kana da ruwa da tsaki a nan, bar wani ya gyara". Sai dai masu ruwa da tsaki ta riga ta zama ta taron gwamnati da ƙungiyoyi, kuma a can abin yabo ne, su ake gayyata a basu kujerar gaba. Bata ɗauke da gargaɗin cewa ka ja baya.

Sukar da tafi ƙarfi itace ta yayanmu da yace moriya tana warin kuɗi da amfani da mutum, kamar a cin moriyar ganga, kuma ya tambaya toh wanda yake rubutu kan garinsu ko malaminsa ko jam'iyyarsa fa ba ko sisi? Yaya wannan tambayar tana da kyau domin ta taɓa inda mutane ke cakuɗa abu biyu. Son garinku ba karon moriya bane. Da haka ne da Bakano bai isa ya rubuta komai kan Kano ba, kuma wa ya fi shi sanin Kurmi da Dala? Wannan in ya wuce gona da iri sunansa ɓangaranci, maganinsa a kawo majiya mai zaman kanta a rage kirari. Karon moriya sai akwai igiya ta zahiri, kai ne mai magana da yawun ɗan takarar, ko mahaifinka ne ake rubutawa, ko kamfaninka ne, ko kanka kake rubutawa. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, a wajenmu wannan igiyar ba kullum take zuwa da rasit ba, wani lokacin alheri ne akayi maka bara, wani lokacin kunya ce ta wanda ya girme ka ya kira ka a waya yace yaro a ɗan gyara min shafin nan a cire maganar kotun. Duk moriya ce, ko ta samu ko ta tsira da mutunci a wajen wani.

Tunda muna kai, akwai 'yan'uwan kalmar guda biyu da zasu biyo ta. Gyaran da ake biya, wasu sun ce "gyaran haya" kamar sojan haya. Ni dai "gyaran biya" nake gani ga wanda ya bayyana, domin akwai masu yinsa a fili bisa ƙa'ida, suna kai shawararsu shafin tattaunawa wani edita ya duba ya saka ko ya ƙi. Hayar a barta ga irin mutanen da aka kama a 2015, lamarin da ake kira Orangemoody, inda aka toshe asusu 381 a Wikipedia ta Turanci. Su waɗannan bin mutanen da aka ƙi karɓar maƙalarsu suke, ƙananan 'yan kasuwa da mawaƙa, su yi sojan gona a matsayin manyan editoci su karɓi kuɗi su wallafa, sannan su dawo su ce a riƙa biyan dala 30 duk wata ko a goge shafin. Wannan ya wuce karon moriya, damfara ce da ƙwace.

Ta biyun "tallan ɓoye", wannan ina ganin ba gardama. Kamar abin da kamfanin tufafi The North Face yayi a 2019 ta hannun wani kamfanin talla a Burazil, suka bi maƙalolin wuraren yawon buɗe ido suka sauya hotunan da nasu, dutse ne ko rafi ne amma ga mutum a tsaye sanye da rigarsu tambarin na fuskantar kamara, don in an nemi wurin a Google hotonsu ya fara fitowa. Har bidiyo suka saki suna alfahari, editoci suka cire hotunan, kamfanin ya bada haƙuri.

Ga yadda nake ganin sanarwar zata kasance a shafin edita, a duba min Hausar: "Ina aiki da kamfani kaza kuma ana biyana. Ina da moriya a maƙalar kaza, saboda haka ba zan gyara ta kai tsaye ba, zan riƙa kawo shawara a shafin tattaunawa." Masu "muradu" ku gwada saka taku a wannan jimlar mu ji wacce tafi zama a baki, mutanen Maraɗi da Damagaram da Zangon Kumasi ku ma ku karanta ta da ƙarfi ku faɗa mana in akwai inda ta yi muku nauyi. Zan bar zaren a buɗe zuwa Juma'a, bayan nan in kai duka biyun shafin tattaunawar editocin Hausa a zaɓa.