Neman shawara: banɗakin mota da ruwan sha sun hana ni sakat

Baban Hanifa, Gombe:

Assalamu alaikum jama'a. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun nan, abin ne ya tsaya min a rai, kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba.

Bara da na ajiye aiki aka biya ni haƙƙina, sai na cika wani buri da na daɗe ina ɗauke da shi. Ƙanen maiɗakina da ke harkar motoci a Kwatano ya samo min tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, irin wadda Turawa ke yawon hutu da ita, Fiat Ducato ce. Akwai gado, akwai murhun gas, akwai tankin ruwa na lita 100 a ƙarƙashin kujera, da ɗan banɗaki. Wata huɗu ta yi a gareji kafin ta tashi, sai da aka canza mata kulochi da batir biyu, na sa mata sola a sama. 'Yan uwa babu irin maganar da ba su yi ba, wai da fili na saya da kuɗin ko na ƙara wa yara jari. Ni kuwa shekara 35 na yi tsakanin gida da ofis, a jihar nan aka haife ni amma ban taɓa kwana a kan dutsen Tula ba sai da motar nan ta zo. Mun je, mun kwana biyu, yara sun ji daɗi ƙwarai.

To, makon jiya muka tafi wajen Dadin Kowa, muka samu wuri nesa da gari inda ake hango ruwan dam, muka kwana uku, ni da maiɗakina da yara uku. Banɗakin motar ba rami gare shi ba, wata jarka ce mai murfi da ake zarowa ta ƙofar gefe, ba ta kai lita 20 ba. Kwana ɗaya da wuni ta cika maƙil. Na zubar. Washegari wani dattijo ya zo ya same ni da faɗa sosai, a gaban iyalina. Na ba shi haƙuri. Da muka dawo gida kuma Hanifa, 'yar shekara 6, ta kama gudawa, yau kwana biyu. Uwarta ta ce ruwan tankin ne, ta kuma rantse ba za ta sake taka motar ba. Ga shi na yi wa yara alkawarin hutun nan za mu je ɓangaren Bauchi, mu ga gandun namun daji na Sumu da tafkin Maladumba a Misau.

Don Allah wanda ya sani, ina ake zubar da irin wannan abu idan mutum yana daji? Kuma yaya zan yi da ruwan sha?

Maman Khalifa:

Wa'alaikumus salam. Baban Hanifa, ka ajiye maganar mota tukuna, ya jikin yarinyar? An kai ta asibiti? A haɗa mata ORS yanzu, in babu a kusa a samu lita ɗaya na tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A karɓo mata zinc ta sha na kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya. Idan ka ga kashin ya koma tsararo kamar ruwan da aka wanke shinkafa, ko da jini, ko idonta ya faɗa, kada ka jira safiya.

Baba Duba-gari:

Malam, ka ba mu labarin kulochi da batir da surutun dangi, amma abin da ya kawo ka ka tsallake shi da kalma biyu: "Na zubar." A ina ka zubar? Kuma ruwan tankin daga ina ka ɗebo shi? Shekara 30 na yi ina aikin duba-gari tsakanin Bauchi da Azare, na san ba a banza dattijon ƙauye ke tako ƙafa ya zo ya yi wa baƙo faɗa a gaban matarsa ba.

Baban Hanifa:

Maman Khalifa na gode, an kai ta, sun ba da magani, da sauƙi alhamdulillah. Baba, wani ɗan kwari ne a bayan inda muka tsaya, busasshe ƙayau, babu ko ɗigon ruwa a cikinsa, kuma da daddare na zuba. Ban ga gida a kusa ba. Ruwa kuwa a wurin wankin mota na cika tanki kafin mu bar Gombe, na burtsatse ne, garau da shi. Da ya yi ƙasa a rana ta uku na ƙara jarka biyu daga bakin dam, amma na tace da ƙyalle mai tsabta.

Baba Duba-gari:

Innalillahi. To ai ga amsarka nan ka rubuta da hannunka.

Kwari hanyar ruwa ne ko ya bushe. Ruwan sama na farko zai kwashi abin da ka zuba ya gangara da shi, kuma duk kwarin da ke wajen nan ƙarshensa kogin Gongola ne. Dam ɗin Dadin Kowa shi ne inda ake jawo ruwan da ake tacewa a turo wa garin Gombe, ga masunta, ga masu noman rani, ga shanu. A irin waɗannan kwarurrukan ne ma mata ke tona yashi da rani su ɗebi ruwan da ke tsattsafowa. Kai ba ka ga gida ba, su sun gan ka. Mu da muke Bauchi a 2021 mun ga abin da amai da gudawa ya yi, jiharmu na cikin waɗanda cutar ta fi yi wa ɓarna a ƙasar nan, kuma da irin haka take farawa, bayan gidan mutum ɗaya ya hau ruwan mutum ɗari.

Ga yadda ake yi, ka rubuta. Abin da ke cikin jarkar nan wurinsa ɗaya ne: masai, ko banɗaki mai sokawe. Kafin ka zaɓi wurin kwana, fara sanin inda za ka juye. Gidan wanka da ba-haya na tasha, ko gidan mai, ka yi wa mai wurin bayani ka biya shi, ka wanke masa wurin tas in ka gama. In ba ka samu ba, ka dawo da kayanka gida ka juye a naka. Shi ya sa masu irin motar nan ke riƙe jarka ta biyu.

Kuma ka san me ya sa ta cika da wuri? Baturen da ya ƙera ta takarda yake amfani da ita. Mu da buta muke tsarki. Mutum biyar, kowa ya shiga sau uku ko huɗu da butarsa, ai lita 20 ba ta kai ko'ina. Ku manya maza ku rage mata nauyi, fitsari a yi shi can nesa, alwala da wanke-wanke kuma kada ruwansu ya shiga cikinta.

Ƙyalle kuwa ƙasa da ciyayi yake tarewa, ba ya tare ƙwayar cuta. Ka zuba ruwan dam a tanki, ka gurɓata duka.

Direban Tirela, Kumo:

Baba Duba-gari ya cika tsanani wallahi. Mu da muke kwana a hanya shekara da shekaru, daga nan har Fatakwal, waye ya taɓa ba mu banɗaki? Alhaji, ka samu shebur ka tona rami mai zurfi, ka juye, ka rufe, magana ta ƙare. Maganin wari kuma ka ɗan zuba baƙin mai ko kananzir a jarkar, ko ƙuda ba zai raɓe ta ba. Ni abin da ke ci min rai shi ne gidajen man nan. Ka sha man dubban ɗaruruwa a wurinsu, ka nemi makullin banɗaki a ce manaja ya tafi da shi. Akwai wani a hanyarmu, sau uku ina roƙo ana hana ni, rannan da ciwon ciki na sauka. Sannan a zo ana cewa direbobi ƙazamai ne.

Injiniya Abban Sadiq:

Don Allah kada a zuba baƙin mai ko kananzir. Akwai wata roba a bakin jarkar da ke riƙe wari da ruwa, mai yana cinye ta, ta kumbura ta fara yoyo a cikin mota. Sannan duk inda ka juye ka kai wa ƙasa guba. Shi ma shuɗin ruwan da ake sayarwa don irin wannan banɗaki, ka duba jikin robar, wani akwai formalin a ciki, kuma yana kashe ƙwayoyin da ke narkar da ƙazanta a sokawe, ka lalata wa mai wuri raminsa. Akwai mai launin kore da ba shi da wannan.

Tambaya ɗaya, Baban Hanifa. Da wane tiyo kake ɗauraye jarkar banɗakin, da wane kake cika tanki?

Baban Hanifa:

Tiyo ɗaya ne gare ni, Injiniya, amma ba na bari bakinsa ya taɓa ciki, daga sama nake sakin ruwan. Kuma ina ɗauraye shi. Ni fa ba mutum ne marar tsabta ba, duk wanda ya san gidana zai shaida. Sannan dukanmu mun sha ruwan, me ya sa Hanifa kaɗai? Ta sha fura a kasuwa ranar da za mu dawo, ita ma abin dubawa ce.

Baba Duba-gari:

Fura! Malam, tiyo ɗaya, ruwan dam a tanki, sannan ka ɗora wa mai fura? Yaro ƙarami shi ke fara faɗuwa, cikinsa bai kai naka ƙwari ba. Ruwan da ka saki daga sama yana fantsama ya dawo kan tiyon, ka naɗe shi, gobe ka zura shi a tankin sha. Jefar da shi yau. Sayi biyu masu launi daban, kada su kwana a akwati ɗaya.

Tankin kuma ka wanke shi. Ka san shekara nawa ya yi a Turai da a tashar jirgin ruwa da ragowar ruwa a cikinsa? Ka samu bilic marar ƙamshi, kamar mililita 150, ka dama a bokiti, ka zuba, ka cika tankin, ka buɗe kowane famfo har ka ji warinsa ya fito, ka rufe ya kwana. Da safe ka zubar, ka cika ka zubar har warin ya tafi. Wannan na wanki ne, ba na sha ba. Bayan haka ma ni ban yarda yaro ya sha daga tankin da ke wuni cikin zafin Gombe ba. Tanki na wanka da wanke-wanke. Ruwan sha a jarka daban mai ƙaramin baki, a sa masa maganin tsaftace ruwa, WaterGuard ko Aquatabs, yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30. In ruwan ya yi gurɓi, fara sa alif ya kwanta, ka tsiyaye na sama, don maganin ba ya aiki sosai a cikin laka. In babu komai, tafasa shi ya yi ta ɓararraka minti ɗaya cur.

Kai kuma Direba, raminka na mutum ɗaya ne da lalura ta kama a daji, ya tona kamar taƙi ɗaya, taku 70 ko fiye daga ruwa, ya rufe. Ba na lita 20 na iyali guda ba. Ko masai na gida ba a yarda a haƙa shi ƙasa da mita 30 daga rijiya ba.

Maman Khalifa:

Ni dai duk wannan aune-aunen ya yi yawa. A sayi fiya wata leda goma a loda a mota, a huta.

Hajiya ta Kaltungo:

Fiya watan ma ai sai wanda ka sani, Maman Khalifa, wani a bayan gida ake ɗura shi, ga ledojin da za a bar wa mutane a daji shanu su ci. Baban Hanifa, tunda kana zuwa Tula bari in faɗa maka, ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse a yankinmu na Kaltungo yana da sinadarin fuloraid da yawa, shi ke sa ka ga haƙoran yara sun yi ja-ja. Tafasawa ba ta cire shi. Na kwana biyu ba zai yi muku komai ba, mu da muke sha kullum ne abin ya dama. Kuma kada ka bar yara su yi wasa a ruwan dam, akwai tsargiya a irin ruwan nan, ta fata take shiga, sai an kwana biyu ka ga yaro na fitsarin jini. Mu nan maƙwabcinmu ya haƙa sokawe jikin katangarmu, daf da rijiya, shekara biyu muna kai ƙara ba wanda ya zo ya duba. Baba, ina duba-garin yanzu suke ne?

Baba Duba-gari:

Hajiya, kada ki tono min ciwo. A zamaninmu mace ta ji an ce duba-gari ya shigo layi sai ta hau wanke randa. Yanzu yaran suna nan amma ba abin hawa, ba mai goya musu baya. Duk da haka an yi abin kirki, ƙananan hukumomin Dass da Warji a jihar Bauchi an tabbatar sun daina bayan gida a fili, Jigawa ma jihar gaba ɗaya a 2022. Mutanen ƙauye sun haƙa masai da guminsu, sai ɗan birni ya zo da mota ya juye musu a kwari.

Malam Na Alkaleri:

Baba a sassauta, bawan Allah shawara ya zo nema. Sai dai Baban Hanifa, ka tuna Manzon Allah (SAW) ya yi hani da yin bayan gida a mashayar ruwa, da kan hanya, da inuwar da mutane ke hutawa. Ni shawarata ka koma ka nemi dattijon nan da Jauron wurin, ka kai goro, ka ɗebi toka ko farar ƙasa ka rufe abin da ka zuba tun ruwa bai sauka ba. Kuma duk inda za ka kwana ka fara gaida mai gari, shi zai nuna maka masai da rijiyar da suke sha. Maganar kwana a daji da iyali a wannan lokaci ma, wasu dazukan namu ba a shiga haka kawai, ka yi tambaya sosai.

Baban Hanifa:

Na gode Malam. Amma gaskiya maganar Baba ta yi min zafi, ni ban je don in cuci kowa ba, kuma na ba dattijon haƙuri a take, ban ga dalilin sake komawa ba. Zancen gidan mai kuma, kun ji abin da Direba ya ce, wanda ya hana makulli shi zai bari in shiga da jarka? Jarka ta biyu na tambaya, sai an yi odarta daga waje. Tiyo zan canza, wannan na yarda. Tankin ma an wanke shi a gareji, ban ce ba zan sake ba. Yanzu ina tunanin ko in cire jarkar gaba ɗaya in sa bokiti mai murfi da leda da garin katako, na ga ana yi.

Baba Duba-gari:

Ledar kuma in ta cika ka kai ta ina?

Direban Tirela, Kumo:

Alhaji ni dai na ce maka shebur.

Maman Khalifa:

Baban Hanifa, ita Maman Hanifa ka nuna mata duk wannan? Kuma yau sau nawa yarinyar ta zaga?