"Alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi": daga waje yake biyo mutum ko daga ciki?

Malam Habu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karin maganar da na kawo mana yau ita ce "alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi." Wasu kan ce "ubangidansa yake bi", duk ɗaya ne. Mun saba faɗinta ne idan muka ga azzalumi ya faɗa masifa, dukiya ta ƙare ko mulki ya suɓuce, sai mu ce ga shi nan, alhaki ya kama shi. A ganina mun rage mata faɗi. Kwikwiyo ba ya jira sai an shekara goma kafin ya bi ubangidansa, tun ranar farko yana gindinsa. Kafin duniya ta ga komai, mai laifi ya riga ya fara biya a cikin ƙirjinsa.

Hujjata ita ce wasan kwaikwayon Makbet, wanda Shekisfiya ya rubuta a Ingila wajen 1606, aka buga shi a 1623 bayan mutuwarsa. Ga wanda bai karanta ba: Makbet jarumin yaƙi ne a Sukotlan. Wasu bokaye mata uku suka gaya masa zai yi sarauta. Sarki Dankan ya sauka a gidansa baƙo, matarsa ta zuga shi, ya soke sarkin yana barci, aka shafa wa dogaransa jinin. Babu wanda ya kama su, har aka naɗa shi. Amma tun jinin bai bushe a hannunsa ba ya gaya wa matarsa cewa ya ji wata murya tana shela wai ya kashe barci, ba zai ƙara runtsawa ba. Ya ce wasu da ke kwance a ɗakin kusa sun farka suna neman albarkar Allah, shi ma ya so ya ce amin, ta maƙale masa a wuya. A lokacin ba a ma san sarki ya mutu ba. To wa ke binsa in ba kwikwiyon ba?

Baba Tanko:
Wa alaikumus salam. Malam Habu, ka yi magana mai kyau, amma ka ɗora wa wannan karin magana kayan da ba nata ba. Alhaki haƙƙin wani ne da ke wuyanka. Ko ka ji zafinsa ko ba ka ji ba, yana nan, kuma zai iso. Abin da ka kwatanta yana da nasa karin maganar tun kaka da kakanni: mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Akwai kuma marar gaskiya ko cikin ruwa gumi yake. Yadda jikana ya ba ni labarin wasan nan, a ƙarshe wani Makdaf, wanda Makbet ya sa aka hallaka masa mata da 'ya'ya, shi ya sare masa kai. To wannan shi ne alhaki. Sauran duk tsoro ne.

Hajiya Ladi:
Baba, a yi mini afuwa, ina da ja a nan. Mai kaza a aljihu tsoron tonon asiri yake yi. Da za a tabbatar masa babu mai kama shi, sai ya soya kazarsa ya ci ya kwanta. Matar Makbet kuwa ba haka take ba, kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai tun muna sakandare.

A daren kisan ita ce mai taurin zuciya. Da mijin ya ce ko teku ba za ta wanke masa hannu ba, sai dai hannun ya rina tekun, ita cewa ta yi ɗan ruwa kaɗan ya ishe su. Ita ta mayar da wuƙaƙen da ya kasa mayarwa. A kashi na biyar na wasan kuwa ga yadda muka gan ta: tana tashi cikin barci, ido buɗe amma ba ta gani, ta ba da umarni kada a raba ta da fitila, tana ta murza hannu kamar mai wanki. Mai yi mata hidima ta ce takan yi kwata na awa tana haka. Tana cewa ba ta taɓa zaton tsohon yana da jini mai yawa haka ba, tana cewa duk turaren ƙasar Larabawa ba zai kawar da ƙarnin daga ɗan hannunta ba. Kuma ku lura, a cikin sambatun nan da bakinta ta ce me za su ji tsoro, tunda babu mai ikon tuhumarsu. Ke nan ba kamu take gudu ba. Babu mai cewa as, amma ga ta nan tana narkewa.

Abin da ya fi taɓa ni, har matar Makdaf ta ambata, tana tambayar ina take yanzu. Ba ta da hannu a wannan kisan. Ko kisan Banko ma, abokin Makbet, mijin ɓoye mata ya yi. Amma ta san ita ta buɗe ƙofar da duk wannan jini ya biyo.

Ɗan Maraɗi:
Hajiya, ina tare da ke, amma akwai abin da ya ɗaure mini kai. In kwikwiyo mai shi yake bi, ai wanda ya riƙe wuƙa ya kamata ya fi shan wahala. Sai ga shi ita ta zauce ta mutu, shi kuwa sai ƙara taurin kai yake yi har ranar ƙarshe. Kamar kwikwiyon ya yi kuskuren ubangida.

Malam Habu:
Ɗan'uwa, bai yi kuskure ba, kama biyu ya yi. Duba halin Makbet bayan naɗi. Ya ce wa matarsa kunamu sun cika masa kai. Ya ce mugayen mafarkai ke girgiza su kowane dare, har ya yi kishin Dankan da ke kwance a kabari, don shi ya huta. Sarki ne yake kishin gawar da ya kashe. A wajen walimar da ya shirya wa manyan ƙasa, ya ga Banko, abokinsa da ya sa aka kashe, zaune a kan kujerarsa jina-jina, alhali babu wanda ke ganinsa sai shi. Ya yi ta ihu a gaban baƙi har matarsa ta sallame su.

Bambancinsu shi ne abin da kowa ya yi da ciwon. Ita ta haɗiye, da rana ba ta faɗa wa kowa, sai dare ya tona ta. Shi kuwa ya yanke cewa ya riga ya yi nisa a cikin jini, komawa baya da ƙarasawa wahalarsu ɗaya, sai ya ci gaba. Kowane sabon kisa ƙoƙari ne na toshe bakin na baya. Ina ya kai shi? Ya wayi gari ya ce ya kusa manta ɗanɗanon tsoro, ihun mata a cikin gida ba ya ko motsa shi. Da aka gaya masa matarsa ta rasu, ko hawaye babu, sai ya ce rayuwa duka tatsuniyar wawa ce mai yawan hayaniya marar ma'ana. Ni ban ɗauki wannan lafiya ba. Mutumin da zuciyarsa ta daina jin komai, ciwonsa bai gaza na mai sambatu ba.

Malam Sabi'u:
Allah ya saka muku da alheri. Baba da Malam Habu duk suna da abin riƙo. A aya ta 2 ta Suratul Ƙiyama Allah ya rantse da rai mai yawan zargin kansa. A hadisin Nawwas ɗan Sam'an kuma, wanda Muslim ya ruwaito, Annabi (SAW) ya bayyana zunubi da abin da yake kai-kawo a zuciyarka, kake ƙin mutane su gano shi. Ke nan wannan cizon na ciki gaskiya ne, kuma asalinsa rahama ce, don shi ke tura mutum ga tuba.

Sai dai nadama kaɗai ba tuba ba ce. Ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa, Suratul Ma'ida ta ce ya wayi gari cikin masu nadama, amma hakan bai sauke masa nauyi ba. Malamai sun ce in laifi ya shafi haƙƙin wani, bayan dainawa da nadama da ƙudurin rashin komawa, sai an mayar da haƙƙin ko an nemi yafiya. A yadda kuka kawo labarin, babu ɗayansu da ya yi ikirari a farke, babu wanda ya yi tunanin sauka ya mayar wa ɗan Dankan gadonsa. Suna son barci ya dawo, suna kuma son rawani ya zauna.

Nas Binta:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama, don wannan karin magana na sha jin ta a inda bai kamata ba. Ina aiki a sashen masu larurar ƙwaƙwalwa. Sau da yawa za a kawo mara lafiya, dangi na raɗa a bakin ƙofa wai alhaki ne, Allah kaɗai ya san abin da ya aikata. Wallahi yawancinsu ba su cuci kowa ba.

Jin laifi mai wuce kima, ko a kan abin da mutum bai yi ba, yana daga cikin alamomin ciwon damuwa. Uwa ce ɗanta ya rasu da zazzaɓi, ta ƙi ci ta ƙi barci, tana cewa ita ta kashe shi don ba ta kai shi asibiti da wuri ba. Direba ne ya tsira daga haɗari fasinjojinsa suka mutu, kullum dare yana sake ganin abin. Idan ka ce wa irin waɗannan alhaki kwikwiyo ne, ka tabbatar musu da ƙaryar da ciwon ke raɗa musu, kuma wasunsu daga nan suke fara tunanin kashe kansu. A gefe guda kuma akwai masu mugun laifi da barcinsu ƙalau. Don haka rashin barci ba shaidar laifi ba ne, barci ba shaidar gaskiya ba ne.

Likitan da ke cikin wasan ma ya fi mu taka-tsantsan. Mutane sun fi riƙe inda ya ce matar ta fi buƙatar malamin addini a kan likita. Amma shi ne kuma ya ce ya san masu tafiya cikin barci da suka mutu a kan gadonsu salihai. Kuma kafin ya tafi ya ce wa mai hidimar ta kawar da duk abin da matar za ta iya cutar da kanta da shi, kada kuma ta ɗauke ido daga kanta. Har yau shawarar da muke bayarwa ke nan. A ƙarshen wasan an ce ana zaton da hannunta ta kashe kanta.

Malam Habu:
'Yar'uwa, maganarki na da tushe har a zamanin da aka rubuta wasan. A 1586 wani likita a Landan, Timoti Burait, ya fitar da littafi a kan ciwon baƙin ciki, ya ware shi daban da azabar da zuciya ke sha saboda zunubin da aka aikata da gaske. Tun a lokacin sun san abu biyu ne masu kama da juna.

Ɗan Maraɗi:
To Malam, kada mu manta wasa wasa ne. A tarihi, a fagen yaƙi Dankan ya mutu a hannun rundunar Makbet a 1040, ba a kan gado ba, kuma Makbet ya yi mulki shekara 17 har 1057, ya ma je ziyara Rum a 1050. Marubucin ya sarrafa labarin ne a zamanin Sarki Jemis, wanda ake danganta zuriyarsa da Banko. Shi ya zaɓi ya hana su barci. Ni ina ganin muna son irin wannan labari ne don yana sanyaya mana rai game da azzaluman da muke gani suna ƙiba.

Baba Tanko:
Yaro, shi ya sa na tsaya inda na tsaya. In alhaki a zuciya kaɗai yake, to wanda zuciyarsa ta bushe ya tsira ke nan, ni kuwa ban yarda ya tsira ba. Akwai ranar da ba a tsallakewa. Na yarda da Hajiya cewa na matar nan ba tsoro ba ne, wani abu ne daban. Ke kuma 'yata Binta, Allah ya yi miki albarka. Mu yadda muka ji ta a bakin manya, ana faɗa wa mai shirin cuta ne tun bai yi ba, mai son cin gadon marayu ko mai tura iyakar gona. Ban taɓa jin dattijon kirki ya nuna majinyaci ya faɗe ta ba.

Ummu Halima:
Nas Binta, don Allah taimaka. Muna da wata 'yar'uwa da jaririnta ya rasu, tun daga lokacin sai ta riƙa cewa ita ce sila, da dare kuma ba ta barci. Ana ta yi mata addu'a da rubutu. Wasu a gidan sun fara irin raɗe-raɗin da kika faɗa.

Nas Binta:
Allah ya jiƙan yaron ya ba ta lafiya. Anti, a ci gaba da addu'a, amma a kai ta asibiti cikin makon nan, a nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa, a gaya masa duk abin da take faɗa ba tare da ɓoyewa ba. Kafin nan kada a bar ta ita kaɗai, musamman da dare. A kwashe fiya-fiya da maganin ɓera da sauran ƙwayoyin magani daga ɗakinta. Wata da ta yarda da ita ta tambaye ta kai-tsaye, cikin taushi, ko tana tunanin cutar da kanta. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, kuma in ta ce e, a tafi da ita a ranar. Masu raɗa kuwa, a sami babba a gidan ya tsawatar musu, don tana jinsu.