Ɗigo a sunan ƙashi yana wargaza data_path a Blender

Ɗan Birni: Assalamu alaikum malamai. A ce ana motsa ɗan kokowa a Blender, manhajar zane da motsi na 3D, layin motsi (F-curve) kuma yana ɗauke da data_path, wato rubutun hanyar abin da yake motsawa, kamar haka: pose.bones["hannu.L"].rotation_quaternion. Ana son sunan ƙashin daban, abin da ke motsi daban. In aka sa split(".") na Python, mai yanka rubutu a kowane ɗigo, guntu huɗu ke fitowa, sunan ya tsage biyu. Ina mafita?

Malamin Zango: Wa alaikumus salam ƙanena. Blender da kansa ke cusa ɗigo cikin suna, .L da .R, da .001 in suna ya maimaitu, don haka yanka daga gaba ba ya yi. Yanko daga baya da rpartition("."), mai yanka a ɗigon ƙarshe kawai. Guntun ƙarshe shi ne rotation_quaternion, na gaba kuma ka miƙa shi ga path_resolve na abin da ke da ƙasusuwan, ya ba ka ƙashin kansa, ka karanta name. In an share ƙashin ko an canja masa suna ta wata hanya, zai jefo ValueError, sai ka tare shi. Lambar da ke nuna ko X ne, Y ko Z ba ta cikin rubutun, tana array_index: a location 0 shi ne X, amma a rotation_quaternion 0 W ne. Nan mutane da yawa ke ruɗewa.

Hajiyar Sabon Gari: Malam, a gafarce ni, akwai sauran rina a kaba. Wuri biyu rpartition ke faɗuwa. In hanyar location ce kaɗai, babu ɗigo, guntun gaba fanko ne, mai abin shi ne abin da ake motsawa kansa. In kuma ta ƙare da "], kamar pose.bones["hannu.L"]["lankwasa"], ɗigon ƙarshe yana cikin sunan ƙashi, yankan zai faɗa can. A fara duba endswith('"]'). Wanda sunan kawai yake so, ga wannan:

re.match(r'pose\.bones\["((?:[^"\\]|\\.)*)"\]', hanya)

Sai a wuce da group(1), wato sunan da aka kamo, ta bpy.utils.unescape_identifier, domin Blender yana sa \ gaban " da ke cikin suna. A guji eval, mai gudanar da rubutu a matsayin umarni: fayil ɗin da wani ya turo ta WhatsApp na iya ɗauke da umarnin da ba a so.

Malamin Zango: Gaskiyarki Hajiya. Ɗan Birni, wane Blender gare ka? Daga 4.4 layukan motsi sun koma cikin channelbag, wato jakar da ke tattara su, a 5.0 kuma action.fcurves ya tafi gaba ɗaya.

Ɗan Birni: 4.2 ne. Allah ya ƙara sani.