Ambulan biyu masu sunan jirgin yaƙi USS Reuben James: wanne ne na gaskiya?

Mai_Kan_Sarki:

Assalamu alaikum, masana. Wani dillali a intanet yana sayar da ambulan biyu, ya ce duka daga jirgin ruwan yaƙin Amurka ne, distiroya (ƙaramin jirgin yaƙi mai sauri) Reuben James mai lamba DD-245. Ta farko tana da kan sarki na santi 3 mai hoton Washington, hatimin yana ɗauke da sunan jirgin da Nuwamba 1933, kuma tsakanin layuka uku masu kauri an rubuta GUANTANAMO BAY da CUBA. Ta biyun ba kan sarki, sai kalmar "Free" da hannu a kusurwar dama. Hatiminta U.S. NAVY kawai ya ce, shekarar ta goge, sunan jirgin yana a adireshin mai aikowa. Dillalin ya ce ta Oktoba 1941 ce, don haka ya ninka mata kuɗi. Yaya zan tantance?

Malam_Tarihi:

Wa alaikumussalam, ɗan'uwa. Kafin a duba hatimi, sai a san inda jirgin yake a kowace shekara.

Kamfanin New York Shipbuilding ne ya ƙera shi a Camden ta jihar New Jersey, ajin Clemson, masu bututun hayaƙi huɗu. An saka shi a ruwa ranar 4 ga Oktoba 1919, ya fara aiki 24 ga Satumba 1920. Daga ƙarshen Oktoba 1921 zuwa farkon Fabrairu 1922 yana Danzig (birnin Gdańsk na Poland a yau), yana taya hukumar agajin Amurka aikin ciyar da mutane. An jingine shi a Philadelphia ranar 20 ga Janairu 1931, aka maido shi aiki 9 ga Maris 1932. Ka riƙe wannan giɓin da kyau, domin jirgin da aka jingine ba ya da gidan waya, kuma duk hatimin da ya faɗo a tsakanin kwanakin nan abin tuhuma ne. Daga Satumba 1933 zuwa Janairu 1934 yana sintiri a ruwan Kuba lokacin juyin mulkin can, wanda ya dace da ambulanka ta farko. A ƙarshen 1934 ya koma San Diego, sai Janairu 1939 ya dawo Tekun Atlantika.

Da asubahin 31 ga Oktoba 1941, yana rakiyar ayarin jiragen kaya mai lamba HX 156 a arewacin Tekun Atlantika, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus U-552, ƙarƙashin Erich Topp, ya harbe shi. Ma'ajiyar harsasan gaba ta fashe, goshin jirgin ya rabu. Mutum 44 suka tsira, kimanin 100 suka rasu, har da hafsoshinsa duka. A lokacin Amurka ba ta shiga yaƙin a hukumance ba. Shi ya sa wasiƙar makonninsa na ƙarshe take da tsada, shi ya sa kuma dillalai ke son laƙa wa kowace takarda shekarar 1941.

Hajiya_Hatimi:

Malam ya share hanya. Ta biyun ba ta 1941 ba ce, kuma kalmar "Free" ce ta tona asirin. Dokar da ta bai wa sojojin Amurka damar aika wasiƙa kyauta ta ƙarshen Maris 1942 ce, wata biyar bayan jirgin ya nutse. A Oktoba 1941 dole matuƙi ya manna kan sarki: santi 3 ta ƙasa, santi 6 ta jirgin sama.

Wannan bai sa ta zama jabu ba. An sake raɗa wa wani jirgin rakiya sunan, DE-153, wanda ya fara aiki 1 ga Afrilu 1943. Mai yiwuwa ambulan tasa ce. Ka nemi hoto mai kyau na adireshin: idan ka ga DE-153 magana ta ƙare. A zamanin yaƙi an cire sunayen jirage daga hatimi don tsaro, aka bar U.S. NAVY, abin da masu tara ambulan ke nuna wa da harafin z a tsarin rarraba hatiman jiragen yaƙi da Francis Locy, likitan sojan ruwa, ya fitar a 1929. Ka saye ta in kana so, amma a farashin DE-153.

Ta farkon ita ce nau'i na 3 a tsarin Locy: hatimin roba, da'ira ɗaya, layuka uku, da gurbi biyu inda akawun wasiƙu ke jera haruffan sunan tashar da jirgi ya tsaya. Kuɗin ma ya yi daidai, domin wasiƙa ta tashi daga santi 2 zuwa 3 ranar 6 ga Yuli 1932. Abu uku za ka duba da gilashin ƙara girma. Layukan su hau kan sarkin su sauka kan ambulan ba tare da yankewa ba. In tawada ta tsaya cak a bakin kan sarkin, an canja shi. Haruffan tashar su ɗan karkace, tunda da hannu ake jera su ɗaya-ɗaya. Sannan hoton ya zama Washington. Santi 3 mai Jefferson sai 1938 ya fito.

Baba_Adana:

Ƙari kan na Hajiya. Yawancin ambulan na shekarun 1930 masu tarawa ne suka aika wa akawun jirgi ya buga musu, musamman bayan kafa ƙungiyar Universal Ship Cancellation Society a 1932. Na gaskiya ne, sai dai suna da yawa. Wasiƙar da matuƙi ya rubuta wa iyalinsa ta fi su daraja. Idan akwai zane a gefen hagu, duba ko tawadarsa ta hau kan adireshi ko hatimi. In ta hau, daga baya aka ƙara shi.

Idan ta iso, kada ka jiƙa ta don ɓare kan sarkin, darajar tana cikin ambulan gaba ɗaya. Kada selotef ya taɓa ta, man gam ɗin yana ratsa takarda ya bar tabo. Ledar PVC mai laushi tana shan tawadar hatimin roba, nemi ta poliyesta. Da damina danshi ne ke kawo ɗigo-ɗigo masu ruwan ƙasa, don haka ka sa ta a akwati mai murfi da ƙunshin silika, nesa da bango saboda gara.