Wane suna za mu ba faifan da ke zaune cikin fayil?

Manhajoji da yawa na shekarun 1990 da farkon 2000, musamman wasannin kwamfuta da kundayen ilimi irin su Encarta na Microsoft, sukan nemi a saka musu faifansu kafin su yi aiki. Yau kuwa yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba su da ma wurin saka faifai, saboda haka mai son ci gaba da amfani da irin waɗannan manhajoji yakan kwashe faifan gaba ɗaya ya zuba shi cikin fayil guda, sannan ya sa kwamfuta ta karɓi fayil ɗin tamkar faifai aka saka mata. Turawa suna kiran fayil ɗin "disc image", abin da ke karanta shi "virtual drive", aikin haɗa su kuma "mount". Malamai da 'yan uwa masu koyar da kwamfuta da Hausa, ina neman mu tsayar wa waɗannan abubuwa sunaye.

Kalmar faifai dai ba ta da gardama, domin tun zamanin garmaho ta zauna, ta kuma bi CD da DVD. Inda aikin yake shi ne sunan fayil ɗin. "Hoton faifai" ba zai yi ba, saboda Bahaushen da ya ji haka zai sa ran ganin hoton da aka ɗauka da kyamara, alhali abin da ake nufi shi ne dukan abin da ke kan faifan, sashe bayan sashe, a jere yadda aka rubuta shi, wanda kan kai kimanin megabait 700 idan CD ne, ko gigabait 4.7 idan DVD ne. Mafi shaharar irinsa shi ne fayil ɗin ISO, wanda ya samo sunansa daga ƙa'idar ISO 9660 ta 1988.

"Kwafin faifai" ya fi kusa, amma yana ruɗarwa ta fuska biyu. A kasuwa, kwafin faifai wani faifan ne na biyu da aka buga, ana riƙe shi a hannu. Sannan wanda ya buɗe faifai ya kwashe fayilolinsa zuwa cikin kwamfuta shi ma kwafi ya yi, kuma sau da yawa manhajar za ta ci gaba da cewa a saka mata faifai. "Faifan bogi" kuwa ban yarda da shi ba ko kaɗan, domin yana ɗora wa abin laifin satar fasaha, ga shi Microsoft da masu babbar manhajar kwamfuta ta Ubuntu da kansu suna raba manhajojinsu a matsayin ISO.

Zaɓina shi ne "madadin faifai". Madadi yana tsayawa a gurbin abu ba tare da an ce shi ne abin ba, kuma haka lamarin yake a zahiri. Kamfanoni sun riƙa sa wa faifai kariyar hana kwafi, kamar SafeDisc na Macrovision da SecuROM na Sony. SafeDisc ya riƙa barin wasu sassan faifan a lalace da gangan, manhaja ta riƙa duba su kafin ta buɗe, kuma ISO na yau da kullum ba ya ɗauko irin waɗannan alamomi. Shi ya sa Alcohol 120%, manhaja mai kwashe faifai zuwa fayil, take da nata tsarin fayil na MDF da MDS mai adana ƙarin bayani, manhajar Daemon Tools kuma ta yi suna wajen karanta irinsu. Ke nan wani madadin yana gamsar da manhaja, wani kuma ba ya gamsar da ita, kuma sunan bai yi alkawarin da ya wuce haka ba.

Na'urar da ke karanta faifai "makarancin faifai" ce. Wadda ba ta da jiki fa? "Na gaibu" ya yi nauyi, domin kalma ce ta aƙida, bai kamata a jawo ta nan ba. "Na wucin gadi" kuma kunne ya fi jin sa da ma'anar abin da ba zai daɗe ba. Na fi natsuwa da "makarancin kwaikwayo", tunda manhaja ce take kwaikwayon na'ura. Tun daga Windows 8 na 2012, idan ka danna ISO sau biyu, sai ka ga sabon harafi, misali E, ya bayyana kusa da C a jerin ma'ajiyoyin kwamfutar, da sunan faifan a jikinsa, ba tare da wani abu ya juya a cikin kwamfutar ba.

Saura aikin haɗawa. "Girka" ya riga ya zama na kafa manhaja, "sauke" kuma na ɗauko abu daga intanet, don haka ina ganin a ce "ɗora", kishiyarsa kuma "cire". Ga yadda umarnin zai fito a bakin malami: "Ka ɗora madadin faifan a makarancin kwaikwayo kafin ka buɗe manhajar, idan ka gama ka cire shi." Ina roƙon masu ɗalibai su gwada wannan jimla a aji, su gaya mana ko yaran sun aikata abin da aka ce ba tare da an koma Turanci ba.