Neman shawara kan hawan duwatsun Shere a ƙarshen mako

Mai tambaya, daga Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu shida ne, abokai tun muna makaranta, muka shirya tafiya Jos ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu hau duwatsun Shere ranar Asabar, mu juyo gida ran Lahadi. Iyakar hawan da muka taɓa yi shi ne na Dala da Goron Dutse, saboda haka muna roƙon wanda ya san wurin ya ba mu shawara game da lokacin da ya dace da abin da za mu riƙe.

Wani mazaunin Jos:
Wa alaikumus salam. Malam, Dala tana da matakala, Shere kuwa manyan duwatsu ne jibge a kan juna, kuma akwai wuraren da sai an haɗa hannu da ƙafa kafin a wuce. Ƙololuwarta ta kai mita 1,829 daga doron teku, amma kada wannan ya tsorata ku, domin garin Jos kansa yana sama da mita 1,200. Ku zo tsakanin Nuwamba da Fabrairu. Da damina gansakuka kan lulluɓe dutsen ya yi santsi, hazo kuma ya rufe hanya cikin ɗan lokaci. Ku tashi da an idar da sallar asuba, sannan ku nemi ɗan jagora daga cikin Afizere mazauna yankin, ku yi ciniki da shi tun a ƙasa.

Wani da ya taɓa hawa:
Ni takalmi ne ya ba ni kunya. Na tafi da sau-ciki na fata, tun ba mu yi nisa ba ƙasansa ya ɓare, sai da aka ɗaure mini shi da igiyar jaka na ƙarasa saukowa ina ɗingishi. Ku sa kambas mai kama dutse, kowa ya riƙi ruwan shansa da dabino, da rigar sanyi, domin iskar hunturu a can sama tana ratsa ƙashi ko da rana ta take.

Mazaunin Jos ya ƙara da cewa:
Batun tashi bayan Juma'a ne bai kwanta mini ba, domin dare zai riske ku wajen Saminaka. Ku yi sammako, ku yi sallar a nan Jos.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. Mun mayar da tafiyar makon farko na Disamba, kuma sammakon za mu yi.