Waɗanda Asabar ta riska a Isra'ila, ku ba mu labari

Mama Ladi, Jos: 'Yan'uwa, ƙanwata za ta ziyarar ibada Urushalima, an ce mata ta yi shirin Asabar, wato ranar hutun Yahudawa da ke farawa tun yammacin Juma'a. Ni a zuwana, abin da ya tsaya mini a rai shi ne yammacin Juma'a a kasuwar Mahane Yehuda. Da azahar ba wurin sa ƙafa, kowa na rububin challah, burodin Asabar ɗinsu, da kifi. Kafin rana ta faɗi jiniya ta yi kuka, shaguna a rufe, bas babu, jirgin cikin gari babu. Sai daren Asabar, in taurari uku sun bayyana, gari ke farkawa. Wanda ya gani da idonsa ya ƙara mata haske.

Yakubu Manomi: Mama, ki gaya mata maganar lif. A otal ɗinmu akwai guda da ke tsayawa a kowane hawa da kansa, saboda Yahudawa masu riƙe da addini ba sa danna maɓallin lantarki ranar, suna ɗaukarsa cikin kunna wuta. Ayyuka iri 39 ne malamansu suka hana a ranar Asabar. Wani dattijo muka hau tare, ya jira hawa bayan hawa, ko a jikinsa. Na girmama haƙurin nan. Amma in rai na cikin haɗari dokar ta sauka, motar asibiti na gudu kamar kullum.

Malam Sani, Kano: Ni ta gabashin Kudus, wato Urushalimar, na sauka, don sallar Juma'a a Masallacin Al-Aƙsa. Can Asabar ranar kasuwa ce, motocin Larabawa na aiki daga wajen Ƙofar Dimashƙu. Tafiyar 'yan mintoci a ƙafa sai ka isa Mea Shearim, unguwar Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, an tare hanya da shinge, maza cikin baƙaƙen kaya, yara na wasa a tsakiyar titi. Allunan hanya da Ibrananci da Larabci da Turanci suke, amma tun dokar 2018 Ibrananci kaɗai ne harshen hukuma, Larabci aka bar shi da matsayi na musamman. Larabawan da na zauna da su wannan na ci musu rai, kuma ban ga laifinsu ba, don kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar su ne.

Hajiya Binta: Malam, gaskiya ka faɗa. Kwas ɗin aikin jinya ya kai ni, a Tel Aviv na zauna, can kuwa wata duniya ce. Ranar Asabar bakin teku cike, gidajen shayi a buɗe. Wata abokiyar aikina ba ta zuwa majami'ar Yahudawa, amma daren Juma'a ko me take yi sai ta je gidan mahaifiyarta cin abinci. Ta gayyace ni sau ɗaya. Uwar ta kunna kyandir, uban ya ɗora hannu a kan 'ya'yansa, har manyan, ya sa musu albarka. Kuma mace ta lura, namiji mai riƙe da addini ba zai ba ta hannu ba, kamar dai wajenmu.

Yakubu Manomi: Abinci ma ta sani: Yahudawa masu riƙe da addini ba sa haɗa nama da madara. In an ci nama a otal mai bin ƙa'idar kosher, wato dokar abincinsu, kada ta nemi madarar shayi, ba za a kawo ba.

Mama Ladi, Jos: Allah ya saka da alheri. Hajiya, in jirginta ya sauka filin jirgin sama na Ben Gurion da yammacin Juma'a fa?

Hajiya Binta: Jirgin ƙasa ba ya aiki a lokacin, Mama. Tasi za ta nema, kuma kuɗinta ya fi na sauran ranaku. In da ayari za ta, ta tabbatar motarsu za ta jira su.